Tayoyin Yaya Sada

Umma ba ta taɓa kiran sunan Yaya Sada ba, ko da wasa. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan nan ce na da, na wajen Kankiya, waɗanda kunyar ɗan fari ta shiga jininsu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". In tana so ya san wani abu, ni take gaya wa da ɗan ƙarfi, alhali yana zaune. Shi ma in zai ba ta amsa, ni yake kallo. Ni ce auta, Humaira, kuma tun ina ƙarama aikina ke nan, kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke zaune a ɗaki ɗaya.

Yaya Sada direba ne a ofishin jakadancinmu a Alƙahira. Ni kuma ina karatu a Giza, ina zaune a gidansa can bayan Ma'adi, inda haya ke da ɗan sauƙi. Bara muka kawo Umma aka yi mata aiki a ƙugu. Aikin ya yi kyau, amma likita ya ce kada ta daɗe a zaune, kuma a kiyaye ta da jijjiga. Wuni take a kwance tana jan carbi tana kallon silin.

Wata rana da la'asar, Yaya yana cin ful, dafaffen waken Misirawa, a ƙasa kusa da ƙofa, sai ta ce, "Humaira, wai Bahar Maliyar nan da aka ce ta ci Fir'auna, a ƙasar nan take?"

Na ce, "A nan take, Umma. Akwai wani wuri, Ain Sukhna, ba shi da nisa sosai."

Ta ce, "Ikon Allah. Mutum ya zo har nan, ya koma bai gan ta ba."

Ba ta dubi inda yake ba. Shi kuma ya tsaya da lomarsa a hannu, ya ɗan jima, sannan ya ci gaba da ci. Na san an ba da saƙo kuma an karɓa. Matsalar dai ita ce Umma ba za ta iya zaman mota ba, ga shi an riga an tsayar da ranar komawarta gida, kuma kowa ya san ba za ta sake dawowa Masar ba.

A bayan gininmu, ƙarƙashin wata bishiya, akwai wata tsohuwar a-kori-kura da aka ɗora wa ɗan ɗakin kwana a baya, irin wanda Misirawa ke ce wa karafan. Ta wani Bature ce, malamin makaranta, da zai bar ƙasar ya bar wa Yaya ita. Shekaru tana nan, kuliyoyi sun mai da ita gidan haihuwa, tayoyinta sun sace sun tsattsage. Washegari na leƙa ta taga na ga Yaya ya buɗe ƙofarta yana korar kuliyoyi da tsintsiya.

Daga ranar ba shi da wani wurin zama sai nan. Ya taso daga aiki, ya tuɓe kaftani, ya shiga. Ya ciccire duk abin da Baturen ya kafa a ciki: murhun gas, tankin ruwa, durowoyi, tebur, har da wani ɗan firji da ya yi tsatsa. Ya ce a samu fili. Ya canza katakon ƙasa da ya ruɓe, ya kafa gado a gefe ɗaya, ƙafafu suna fuskantar ƙofar baya. Ya aike ni kasuwar Ataba na sayo katifa mai kauri da labule da 'yar fanka. Ya hau sama ya liƙe rufin da ƙaro, a garin da ruwan sama sai ya ga dama yake zuwa. Akwai wata 'yar taga tsakanin ɗakin da wajen direba wadda ta ƙi buɗuwa, ya kwana biyu yana fama da ita har ta buɗe.

Na ce, "Wannan kuma ta mece ce?"

Ya ce, "In ana buƙatar wani abu, sai a faɗa."

Na ce, "Wa zai faɗa?"

Ya sunkuya kan akwatin kayan aikinsa. Shi Yaya in ka faɗi gaskiyar da ba ya so, sai ya nemi sifana ya riƙe.

Inji bai ba shi wahala ba, taya ce ta zama magana. Akwai wani Bakri, Bahaushen Sudan, mai shagon taya a unguwarmu. Ya kawo masa sababbi masu kyau, Yaya ya danna da yatsa ya ce a'a. Ya kawo wasu, ya ce a'a. Shi dai yana son masu kaurin nan na ɗaukar kaya, irin na motocin da ke jigilar siminti. Ya taɓa ganin abin da fashewar taya ta yi wa wata mota a hanyar Funtuwa, kuma ya rantse ba za a ce tayarsa ta fashe da Umma a ciki ba. Bakri ya ce girman da yake so babu a kusa, sai an nemo. Aka shiga bukra, bukra, wato gobe, gobe, insha Allah. Ni kuwa raina ya soma ɓaci, don kwanaki suna tafiya, mota tana zaune a kan bulo kamar kaza a kan ƙwai.

Na ce masa, "Yaya, don Allah ka sa waɗanda aka samu. Teku za mu, ba Agadas ba."

Ya ce, "Ke ba ki san hanya ba."

Sai a makon ƙarshe tayoyin suka iso. Baƙaƙe wuluk, masu manyan haƙora, ɗaya sai mutum biyu sun kama. Bakri ya ɗaura su, Yaya yana tsaye a kansa yana cewa a ƙara iska. Haka muke a gida, taya in ba ta yi tauri kamar dutse ba, direba bai yarda da ita ba. Aka yi ta bugawa har sai da ya ƙwanƙwasa ta da sifana ta yi ƙara. Ya ce tamam, yanzu ta yi. Ranar na ga haƙoransa.

Asabar da safe, saura kwana kaɗan jirginta ya tashi, muka sauko da Umma. Shi da mai gadin gini suka ɗauko ta a kujera, ta ja mayafi ta rufe fuska har aka kwantar da ita. Ta shafa katifar, ta dubi labulen, ta dubi fankar. Na zauna a ƙasa kusa da kanta, Yaya ya rufe ƙofa ya zagaya gaba.

Tudun rage gudu na farko a bakin layinmu, a hankali ya hau shi, amma sai da gadon ya ɗaga ya dawo. Haƙorana suka haɗu. Umma ta runtse ido. Na ce ko tudun ne. Muka hau gada, duk inda ƙarfe ya haɗa kwalta sai motar ta buga, gau, gau, har cikin ƙashin bayana. Ni da nake lafiya ke nan. Abin da ya faru a fili yake: ya kwashe duk nauyin da ke cikin ɗakin, sannan ya sa tayoyin ɗaukar siminti ya cika su tam, kayan da aka ɗora musu kuwa tsohuwa ce da ba ta kai buhun gero ba, sai ni.

Na miƙa hannu zan buɗe tagar. Umma ta cafke wuyan hannuna.

Ta ce, "Kul."

"Umma, ciwo kike ji."

"Na ce kul. Mutum ya yi wata da watanni yana wahala, ki buɗe baki ki ce abinsa bai yi ba?"

"To ai ba zai ji haushi ba."

"In kin faɗa juyawa zai yi."

Wannan kam gaskiya ne, na san Yaya. Na koma na zauna. Muka fita gari muka kama hanyar hamada. Hanyar ba ta da laifi, amma shi ya ƙi gudu, ya bi layin manyan motoci inda kwalta ta yi ƙunya-ƙunya. Gumi ya jiƙa goshin Umma. Carbi ya faɗi daga hannunta ba ta nema ba. Ta cije gefen mayafi. Ta madubi ina hango rabin fuskar Yaya, hankalinsa kwance, har yana ɗan kaɗa kai.

Wallahi haushi ya kama ni, na su duka biyun. Wata ta zaɓi aikin da aka yi mata ya lalace da ta ce wa ɗanta ya tsaya, wani kuma ya gina taga ya zauna yana jiran muryar da bai taɓa ji ta kira shi ba. Da muka sake cin wani rami na ji ta ce "wash" a ciki-ciki, sai na fizge hannuna na buga tagar.

"Yaya, tsaya! Tayoyinka za su karya ta!"

Ya gangara gefe ya tsaya. Ya zagayo ya buɗe ƙofar baya. Umma ta juya fuska bango. Ya dubi gumin da ke wuyanta, ya dubi carbin a ƙasa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bakin layinmu."

Ya daɗe a tsaye. Manyan motoci suna wucewa, iskarsu tana kaɗa labulen. Can ya ce, "Khalas, shi ke nan. Mu koma."

Umma, fuskarta a bango, ta ce, "Humaira, ni dai ban ce a koma ba."

Yaya ya sauka. Na ji shi ya durƙusa a gindin taya, sai na ji tsiiii. Da bakin makulli yake danna bawul, yana sace iskar da ya tsaya a kan Bakri aka buga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana dannawa da tafin hannu yana dubawa. Da ya gama sai ya shiga hamada ya riƙa ɗauko manyan duwatsu yana jerawa a ƙarƙashin gadon da bakin ƙofa, don motar ta samu nauyi. Farin kaftaninsa ya koma ja. Duk shigowar da zai yi sai ya yi sallama, duk da ba a amsawa sai ni.

Muka tashi a hankali. Motar ta yi laushi, ba duka ba, amma gadon ya daina tsalle. Na share wa Umma fuska, na mai da mata carbinta. Tafiyar da mutane ke yi kafin shayi ya huce a fulas, mu sai bayan azahar muka isa.

Ya samu wani wuri da ba kowa, inda ƙasa ke da tauri, ya juya motar ya yi baya-baya har kusa da ruwa. Ya zo ya buɗe ƙofar baya duka, ya ɗaure labulen, ya koma gefe inda ba za ta gan shi ba. Na ƙara mata matashi. Daga inda take kwance, tsakanin ƙafafunta da sama babu komai sai ruwa, shuɗi, yana ta tahowa yana komawa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce ashe ba ja ba ce, ga shi Larabawa Jan Teku suke ce mata. Ta yi salati, ta yi addu'o'inta, ta sa na ɗebo mata ruwan a murfin fulas ta taɓa da yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

Sai ta ce, "Humaira, ki ce wa wancan Allah ya yi masa albarka. Ki ce na gani."

Na gaji. Na ce, "Umma, ga shi nan a jikin mota. Ki gaya masa da bakinki mana, sau ɗaya dai."

Ba ta ɗauke ido daga ruwan ba. Ta gyara mayafinta.

Ta ce, "Ai yana ji."

Na leƙa waje. Yaya Sada yana durƙushe a gindin tayar baya, ya dafa ta da hannu biyu, kansa a sunkuye. Babu abin da ya samu tayar.