Haƙoran Injin Babayo

Injin ya yi tari sau biyu, ya yi gurnani, sannan ya tsaya cak. Ƙasimu ya durƙusa ya leƙa bakin da gari ke fitowa. Ina gari! Wani abu ne mai danƙo ya liƙe a wurin kamar ɓurɓushin tuwon jiya a gindin tukunya.

"To, wannan ma ya shaƙe," in ji Tankari, yana fifita da takarda. "Alaji, wallahi dawarka ta fi ƙarfin China."

Tankari mutumin Maraɗi ne, shekararsa shida a Guangzhou, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu inda yake yi wa 'yan kasuwa tafinta da lodin kaya. Tun safe ya ɗauko Ƙasimu a tasi zuwa wannan maƙera da ke can gaba da Sanyuanli. Zafin watan Agusta ga na wutar narka ƙarfe, riga ta manne wa kowa a baya. Faifan niƙa kala uku ke nan ana ɗaura wa sabon injin. Biyu sun shaƙe, ɗaya kuma tsaki ya zubo, irin wanda sai kaji.

Abin da ya kawo Ƙasimu ƙasar nan ke nan: injin niƙa. Kuma jibi bizarsa ke ƙarewa. Saboda wasannin Olamfik hukuma ta tsuke, ba a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya.

Shi Ƙasimu ɗan Malam Babayo Mai Inji ne, na wani ƙauye can bayan Kumo. Zamanin da auduga ke auduga, Babayo lebura ne a gidan gurza na Turawa. Da suka sauya injuna, sai ya roƙi wani tsohon inji da aka jingine a bayan sito, aka jawo masa shi gida a amalanken shanu, yara na bi suna ihu. A duk gundumar ba a taɓa ganin irinsa a hannun talaka ba. Ya ɗaura masa bel biyu, ɗaya na juya ƙaramar na'urar gurza, ɗaya na juya ta niƙa. Daga baya auduga ta mutu, na'urar gurza ta yi shiru, kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai. Amma ta niƙa ba ta taɓa fashi ba. Da Babayo ya rasu, babbar 'yarsa Jumai ce ta riƙe, da shi take ci, da shi ta aurar da 'ya'yanta, ƙauyuka bakwai a wurinta suke niƙa.

Ƙasimu kuwa tun yana saurayi ya tsere Kano sayar da kayan gyaran babura. Mutum ne mai son sabon abu, ko takalmi ba ya bari ya tsufa a ƙafarsa. Bana da ya je gida ya tarar masu sayen tsohon ƙarfe sun cika ƙasa, suna rububin duk abin da ke da nauyi. Ya zauna ya yi wa yayarsa daɗin baki har kwana uku: injin nan ya gaji, hayaƙi ya fi aiki yawa, a sayar, shi zai cika ya sayo na zamani a China. Da ƙyar ta amince. Ranar da aka zo da guduma, abu ɗaya ta roƙa.

"Ƙasimu, bar mini fayafayan Baba."

"Haba Adda, me za ki yi da su? Ai su ne masu nauyin."

Haka aka jefa su a mota tare da sauran.

Yanzu ga mai maƙerar, wani tsoho siriri da ake kira Laoban Liang, wato Maigida Liang, ya kwance injin da kansa. Ya ƙanƙaro abin da ya liƙe, ya murza a yatsa, ya shinshina, ya yi wata magana yana girgiza kai.

"Ya ce don me ka jiƙa hatsin," in ji Tankari. "Ya ce a kawo busasshe ka ga aiki."

"Gaya masa ba haka ake yi a wurinmu ba. Mace sai ta surfa, ta wanke, ta baza ya sha iska kaɗan, ta kawo da sauran danshinsa. Shi ke sa tuwo ya yi laushi. Wace ce za ta kawo maka busasshe, mijinta ya ce ta tuƙa masa yashi?"

Wannan ma ba wayon Ƙasimu ba ne. Adda Jumai ce ta surfa masa mudu biyu na dawa, ta ƙulle a leda ta cusa masa a jaka, ta ce ya yayyafa ruwa kafin a gwada. Da ba don ita ba, da tuni ya yi lodin injin da zai je ya zama abin dariya.

Tsohon ya saurara da kyau. Ya tambaya ko tsohon injin yana cin irin wannan.

"Shekara arba'in da wani abu," in ji Ƙasimu, har da ɗaga murya. "Ko sau ɗaya bai shaƙe ba. Babana ne da kansa ya sassaƙa haƙoran fayafayan da kurfi da guduma, ya yi ta gwadawa har ya dace."

Da Tankari ya fassara, fuskar tsohon ta washe. Ya dafa kafaɗar Ƙasimu, ya yi magana mai tsawo.

"Alaji, ka ci sa'a. Ya ce shi ma mahaifinsa maƙeri ne, ya san irin waɗannan mutane. Ya ce ba matsalar inji ba ce, ta haƙori ce. A aiko masa tsohon faifai ɗaya, ko fasasshe ne, zai zuba maka irinsa sak, ni sai in saka a kwantena. Yana ina?"

Ƙasimu ya yi tsuru-tsuru.

"Na sayar."

"Ka sayar wa wa? A karɓo mana."

"'Yan tsohon ƙarfe. Wata biyu ke nan."

Tankari ya riƙe haɓa. "Kai, Alaji! Ai ƙarfen nan nan ƙasar ake kawo shi a jirgin ruwa. Wataƙila ma ya riga ka sauka." Ya so ya yi dariya, da ya dubi fuskar Ƙasimu sai ya haɗiye. Ya juya wurin tsohon ya ce, "Meyo." Babu.

Tsohon bai karaya ba. Ya share wani faifan ƙarfe da tsumma, ya miƙa wa Ƙasimu alli. Wannan kam ba ya buƙatar tafinta: zana.

Ƙasimu ya karɓi allin. Ya zana da'ira. Ya ja layi ɗaya daga tsakiya, ya tsaya. Dama suka karkata ko hagu? Nawa ne? Ina suke zurfi, ina suke lafewa? A cikin ƙarar injin nan aka haife shi, ƙurarsa ya shaƙa ya girma, amma ko sau ɗaya bai tsaya an kwance shi a gabansa ba. Duk ranar sassaƙa, in Babayo ya ƙwala masa kira, yana filin ƙwallo. Jumai ce ke riƙe wa tsohon kurfi. Kunya ta rufe shi, ga shi da furfura a gemu, riƙe da alli kamar ɗan aji ɗaya.

Ya fita bakin ƙofa ya kira Jumai a waya. Ƙarfe uku na yamma a nan, can gida hantsi bai gama ɗagawa ba.

"Adda, kin tashi lafiya? Ya gida?"

"Lafiya lau, Ƙasimu. Ya baƙunta? An samu?"

Ya gaya mata komai, bai rage ba. Ya jira ta ce ai na faɗa maka. Da ta faɗa ma da ya ji sauƙi, amma ba ta faɗa ba.

"Ki kwatanta mini haƙoran, Adda, in zana musu."

Ta gwada, baiwar Allah. Ta ce daga ciki suna da faɗi, sai su tafi suna kwanciya, ba sosai ba, kamar dai yadda... Ta sake farawa. Ƙasimu na maimaita wa Tankari, Tankari na juyawa, tsohon na ja da alli yana gogewa da tafin hannu. Sau huɗu. A na biyar ya ajiye allin a hankali, ya buɗe hannuwa.

"Ba zan iya da baki ba," in ji Jumai. "Ni ba ƙirgawa nake yi ba. In na ɗora kurfi a tsohon gurbi, hannuna ne ke bi. Ba gurbin, ba abin da zan bi."

"Ki yafe mini, Adda. Ni na jawo."

"Allah ya yafe mana. Ka dawo gida kawai, kada ka sayo abin da ba zai yi ba."

"To yanzu ya kuke yi da niƙa?"

"Masu hali suna ba 'yan acaɓa su kai Kumo. Ni dai na tono dutsen niƙan Inna a bayan rumbu, na wanke. Rabona da durƙusa masa tun ina 'yar shekara goma sha biyu." Ta ɗan yi dariya. "Gwiwar ce dai ba ta yarda ba. Bari in ƙarasa, jikoki ba su karya ba."

Ta ajiye wayar a ƙasa, ta manta ba ta kashe ba. Ƙasimu ya ji dutse ya fara tafiya a kan dutse, gurr, gurr, ya tsaya, ta ja numfashi, ya ci gaba.

Tankari ya leƙo daga ciki. "Alaji, laoban na tambaya, a ɗaura na huɗu?"

Ƙasimu ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Bai cire wayar daga kunnensa ba.