Ƙahon da Na Ɓoye

Ni na fara ganin abin. Mijina Alcide yana canza riga zai fita busa, sai idona ya sauka kan cibiyarsa. Wani ƙullutu ne kamar ƙwan tantabara, ya yi shuɗi-shuɗi.

"Kai, mene ne wannan?"

"Af, ƙaba ce," in ji shi, yana ta ɓalla maɓalli. "Duk mai busa babban ƙaho yana da ita. Tambayi Percy."

"Percy? Mutumin da ya cire haƙorinsa da filaya, shi ne likitanka?"

Percy abokin busarsa ne tun suna samari. A nan New Orleans ba ma kai mutumin kirki kabari shiru. 'Yan busa ke raka gawa, a tafi da kiɗan juyayi, a dawo da na rawa. Alcide shi ke saɓa ƙaton ƙahon tagullar nan mai naɗe mutum, wanda in ya hura sai ka ji shi a ƙirjinka. Na aure shi da ƙahon nan, mun tsufa da shi.

Na ce mu je asibiti, ya ce ina! Da sun gani za su hana shi busa. Sai ya ɗauko tsohuwar dalar azurfa ya ɗora a kan ƙullutun ya manne da filasta, wai haka kakarsa take yi wa jarirai masu cibi. Ƙaton mutum mai jikoki, yana yawo da kwabo a ciki! Na yi faɗa har na gaji.

Ranar jana'izar wani maƙwabcinmu, ana cikin dawowa ana rawa, sai na ji muryar ƙahon ta ɗauke. Na waiga, ga Alcide ya dafa wata mota ya duƙa, gumi na zuba. Na kama shi muka koma gida. Washegari yana wajen aski, na kira ƙanwata Vernell muka ciccibi ƙahon muka kai gidanta.

"Ina ƙahona, Odile?"

"Yana inda yake. Ranar da likita ya ga cibiyar nan, ranar za ka gan shi."

"To ki riƙe. Mu ga wanda zai gaji."

Alcide akwai taurin kai, ni kuma ba baya ba. Muka shafe watanni a haka. Ana zuwa kiransa busa yana cewa ba ya jin daɗi. Ya rame, wandunansa suka fara zamewa, ni kuwa har ina yabon kaina wajen Vernell, don na daina zuba masa kitsen alade a jan wakensa na ranar Litinin. Cokali kaɗan zai yi ya ture kwano, na ɗauka fushi ne.

Abin da ya karya shi, wata safiya ya kasa ɗaura bel saboda zafi, filastar kuma ta jiƙe da ruwa-ruwa. Ya ce, "Ɗauko makullin mota." A hanya na shirya jawabina tsaf. So nake likita ta faɗa masa a gabana cewa ƙahon nan ne ya jawo, ta hana shi har abada.

Likita Tran ƙaramar yarinya ce, sa'ar 'yarmu. Ta ɓare filastar, dalar ta faɗo a tafinta, ta yi murmushi. Da ta ga abin da ke ƙasa, murmushin ya ɗauke.

"Baba, kwanta. Yi tari." Ya yi. Ta danna a hankali, ya yi ƙara. "Yana komawa ciki in ka kwanta?"

"Bai taɓa ba."

"Ƙaba laushi gare ta, tana shiga tana fita," in ji ta. "Wannan tauri gare shi. Tun yaushe kake ramewa? Kana saurin ƙoshi?"

Na tsoma baki. "Likita, busa ce, ko? Faɗa masa."

"Mama, bari mu ɗauki hoton cikin tukuna, mu ɗan yanki abin a duba."

Da muka koma karɓar sakamako, ba ta zauna a bayan teburinta ba. Ta jawo kujera kusa da mu. Tun daga nan na san ba lafiya. Alcide bai lura ba, tambaya ɗaya ce a bakinsa.

"'Yata, faɗi gaskiya. Ƙaho ne ko ba ƙaho ba?"

"Ba ƙaho ba ne, Baba."

"Zan iya busa?"

"Ka busa son ranka."

Ya buga cinya ya kwashe da dariya. "Kin ji ko, Odile? Kin ji da kunnenki! Maimaita mata, likita, matar nan kurma ce in ba a gefenta gaskiya take ba!"

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta kama hannunsa. "Baba, saurara. Ciwon daji ne a tumbinka. Ya bazu ya kai hanta. Wannan na cibiya reshensa ne ya leƙo waje. Ya wuce a yi aiki. Za mu ba da magani mu rage gudunsa, mu rage zafi."

Wayyo Allah! Ji na yi kamar an zare ƙasan ɗakin. Bakin Alcide yana nan a buɗe, ragowar dariyar ba ta gama sauka daga fuskarsa ba. Na ji kaina ina cewa, "A'a, ƙaba ce. Percy ma yana da ita." Ni da bakina na kawo Percy shaida.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida, muka haye gada. Can ya ce, yana kallon taga, "Ranar jana'izata, kada ki bar Percy ya taɓa ƙahon nan. Kunya zai ba ni."

Ban san lokacin da na juya kan motar zuwa gidan Vernell ba. Wani ya danna mana hon ya zage mu, ban ko kalle shi ba. Vernell ta buɗe ƙofa, ta dubi fuskata, ta dafe ƙirji. Muka jawo ƙahon daga ɗakin ajiya, duk ƙura.

Alcide ya goge shi da hannun rigarsa. Ya duƙa ya zura kai kamar yadda ya saba, ya yunƙura zai miƙe. Ƙahon ya rinjaye shi, ya zame daga kafaɗar da ta zama ƙashi zalla. Ya sake gwadawa, gwiwoyinsa na rawa. Mutumin da yake yini a titi da abin nan yana taka rawa! Ya dube ni kamar yaro.

"Ya ƙara nauyi, Odile."

Na tuɓe takalmana, na shiga ƙarƙashin ƙahon na tara kafaɗata kusa da tasa. Tagullar ta nutse mini a ƙashi, hawaye na zuba har cikin bakina.

"Na riƙe," na ce. "Busa."