Tsaga a Jikin Katako

"Fada, kai ma kana cikin masu cin amanar mijina. Ka san gaskiya, ka zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai."

Matar Kafinta ce ta faɗi haka, tana tsaye a ƙofar ofishin Fada, limamin cocin Katolika, da tsintsiya a hannu, ko sallama ba ta yi ba. Shekara ashirin da biyu tana sharar cocin nan, Fada kuwa bai kai shekara uku da zuwa ba, kuma a haife ta haife shi. Ya ajiye biro, ya janyo mata kujera.

"Mama, zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ƙafafuna ba su gaji ba, zuciyata ce ta gaji."

Abin da ya kawo ta tsohon ciwo ne. Shekara shida da suka wuce ana ginin zauren taro a bayan coci, gadar katakon da magina ke takawa ta rushe, wani lebura ya faɗo ya karya ƙugu, har yau da sanda yake tafiya. Mijinta ne ya haɗa gadar. Aka ce aikin ganganci ya yi. Ya rantse har muryarsa ta dushe cewa ya sa tokare huɗu, aka duba aka ga biyu. Daga ranar ko kujerar tsuguno ba wanda ya sake ba shi ya gyara. Ya rataye zartonsa a ƙusa, ya koma zaman ƙofar gida, bayan shekara biyu ya rasu. Har gobe in jikokinta sun yi faɗa da 'yan unguwa, abin da ake jifansu da shi ke nan: jikokin mai gada.

To, ranar Asabar da la'asar, lokacin da mutane ke layi su furta zunubansu, tana durƙushe bayan ɗan ɗakin katakon da ake furtawar a cikinsa, tana kankare kakin kyandir da ya ɗiga a ƙasa. Ɗakin ma mijinta ne ya ƙera shi, Fada a ciki, mai tuba a durƙushe a gefe, raga a tsakaninsu. Katakon baya ya tsage da tsufa, tsaga kamar faɗin yatsa. Ta nan murya ta fito, muryar Dogo, shugaban magina, wanda ke ɗaukar gicciye a gaban jerin gwano duk ranar biki. Ta ji shi yana cewa shi ya cire tokare biyu don tifar yashi ta samu hanyar wucewa, ya manta bai mayar ba. Ya kamata ta tashi. Ba ta tashi ba. Ta ƙara matso da kunne har ya gama.

"Da kunnena na ji," ta ce wa Fada. "Kai ma ka ji. Gobe in an gama sujadar Mas ka tsaya a bagade ka faɗa wa jama'a."

Fada ya murza goshi.

"Mama, ba zan ce miki wane ya zo ba, ba zan ce bai zo ba. Abin da ya shiga ɗakin nan ba nawa ba ne. Ni kunne kawai nake ba da aro, Ubangiji ake faɗa wa. Ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan buɗe baki ba."

"Wuƙa ba ta da amfani a wuyan da ba murya."

"Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci, dole in gaya miki. Duk wanda ya ji abin da aka furta a ɗakin nan, ko bisa kuskure ne, shi ma an ɗaure bakinsa kamar nawa."

Ta kalle shi sheƙeƙe.

"Au, ni ma? Ni da ban yi makarantar Fada ba, ban sa farar riga ba, ni mai tsintsiya? Wato mutum ya kashe mini miji da ransa, ya shiga akwati minti biyar, ya karanta addu'a uku, ya fito fes kamar an wanke kwano. Wannan ai ba tuba ba ne, wanki ne da guga."

Fada ya so ya yi dariya, ya danne.

"Ba haka ba ne, Mama. Zan faɗa miki abin da nake koya wa kowa, ba a kan wani nake magana ba. Wanda ya ɓata sunan mutum, tubansa bai cika ba sai ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gyara sunan. Ina gaya wa masu tuba haka a fili. Amma ba ni da igiyar da zan ja su. Da ƙafarsu suke shigowa, da ƙafarsu za su je su gyara."

"In bai je ba fa?"

"Sai ya amsa a inda ba raga tsakani."

Ta yi tsaki, ta juya za ta fita, ya kira ta a hankali.

"Mama, ke ma kina shiga ɗakin nan tun ban zo duniya ba. Kin taɓa jin wata magana taki a bakin kowa?"

Ta tsaya cak. Akwai abin da ta taɓa furtawa a can ga wani tsohon Fada, maganar da ta gaya wa mijinta cikin fushi a watan da ya kwanta ciwo, cewa wataƙila ma shi ɗin ya yi gangancin. Ba wanda ya sani. 'Ya'yanta ba su sani ba. Ta fita.

Washegari Lahadi ta bar bencinta na baya, ta je ta zauna a layin Dogo, mutum biyu tsakani. Gaisuwa kawai ta yi masa. Da katikis, mataimakin Fada, ya gama sanarwa ya tambaya ko akwai mai magana, ta ga Dogo ya dafa bencin gabansa, ya ɗago har ya rabu da kujera. Matarsa ta dube shi. Ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai, gumi na bin wuyan rigarsa. Maganar ta zo wa Matar Kafinta har maƙogwaro, ta haɗiye ta kamar tsakuwa. Abin haushin, sai ta ji tausayinsa ya ɗan taɓa ta, ta ƙara jin haushin kanta.

Ranar Litinin da safe Fada ya ji bugu a cikin coci. Ya tarar da ita durƙushe a bayan ɗakin katakon, ƙusa uku a baki, hamar mijinta a hannu, tana liƙa wani ɗan guntun katako a kan tsagar. Ƙusa ɗaya ta lanƙwashe, ta miƙar da ita a kan siminti kamar yadda ta saba ganin ana yi a gidanta.

"Aikin mijina ne," ta ce bayan ta tofar da ƙusoshin a tafin hannu. "Ba za a ce ɗakin da ya ƙera yana yoyon magana ba. Ya isa abin da aka ɗora masa."

"Allah ya saka miki, Mama."

"Kada ka yi mini godiya. Shiga ciki ka zauna, ina da nawa da zan sauke: na kasa kunne a inda bai kamata ba, kuma na yi wa mutum fatan sharri kwana biyu cur."

Ta zagayo, ta durƙusa da ƙyar a gaban raga, gwiwarta na ƙara. Kafin ta yi alamar gicciye ta ɗaga yatsa.

"Na toshe katako, na toshe bakina. Amma ka ji ni da kyau, Fada, kuma Wanda kake ara wa kunne ya ji. Duk Lahadi ina nan a layin nan har Dogo ya miƙe tsaye sosai. Jikokina ba za su girma da sunan nan ba. Mijina ya sa tokare huɗu, kuma sai wani ya tashi a gaban jama'a ya amsa inda biyu suka tafi."