Kwaɗo Uku a Ƙofa Ɗaya

Mai Makulli yana goga wani mabuɗi da magagari sai wakilin jam'iyya mai mulki ya sunkuyo cikin rumfarsa, ya yi gaisuwar da ta fi ƙarfin rumfar.

Jiya-jiyan nan kwamitin tsaron zaɓe ya sa tsohon ya ɗaura kwaɗo uku a ƙofar siton akwatunan ƙuri'a. Mabuɗi ɗaya na masu mulki, ɗaya na 'yan adawa, ɗaya na shugaban kwamiti. Sai su ukun sun haɗu ƙofa za ta buɗu. Sati biyu aka yi ana zama kafin a haifi wannan dabara. 'Yarsa Auta kuwa ita ce ma'ajiyar siton. Ita ta sa hannu a takarda: in takardar ƙuri'a ɗaya ta ɓace, ita za a ɗaure.

"Baba, kai ka ɗaura kwaɗunan nan, ka san haƙoransu," in ji wakilin. "Ka yanka mini na sauran biyun. Don tsaro ne kawai. Ka san mutanen can ba su da amana."

"Ranka ya daɗe, ido ya tsufa."

"Ai 'yarka yarinya ce mai ƙoƙari. Ba ma so a ce aikinta ya samu matsala."

Tsohon ya yanka.

Da hantsi wakilin 'yan adawa ya zo, shi ma don tsaro, shi ma ya yaba ƙoƙarin Auta. Da yamma shugaban kwamiti da kansa ya tsaya da mota a bayan kasuwa. Shi kam bai yarda da kowa ba, shi ya sa.

Shekara talatin mabuɗin Mai Makulli bai taɓa ba shi kunya ba. Ranar sai ya jawo ƙarfen nan mai laushi da ya daɗe da jefarwa ƙarƙashin tebur, ya yanka shida, ya ci wuyan kowanne da magagari har ya kusa rabuwa.

Washegari da safe aka aiko masa a guje. Ya tarar da 'yan sanda, da 'yan jarida, da Auta tsaye rungume da fayil. Mabuɗan asali sun ƙi shiga. Manyan uku kowa ya samu abin kallo: wannan silin, wannan takalminsa, wannan wayarsa.

Ya durƙusa, ya sa hantsaki. Daga kowane kwaɗo ya zaro karyayyen kan mabuɗi, ya jera su a tafin hannu. Aka buɗe. Auta ta duba hatimin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda aka taɓa. Sai a lokacin ta zauna a bakin taga.

Shugaba ya gyara hula, ya fuskanci 'yan jarida. "Kun gani da idonku. Wasu ɓata-gari daga waje sun gwada, tsarinmu ya ba su kunya." Wakilan biyu suka yi tafi tare, abin da ba a taɓa gani ba.

Babban ɗan sanda ya juya guntun ƙarfen a hannu. "Tsoho, kai ne gwanin garin nan. Hannun wa ka gani?"

Manyan uku suka bar kallon silin da takalmi.

Mai Makulli ya daɗe yana duban aikinsa. "Yallaɓai, ko wane ne, bai iya sana'a ba. Ubangidansa ya yi asarar koyarwa."

Aka yi dariya, ukun nan suka fi kowa.

Nan take shugaba ya ba da sanarwar cewa a zagaye na biyu za a ƙara kwaɗo na huɗu, na masu sa ido. A hanyar gida Auta ta tambayi uban abin da yake lissafawa da yatsu.

"Ba komai, Auta," ya ce. "Ƙarfe mai laushi ne ya kusa ƙare mini."