Kiran da Baba Muntaka Ya Haɗa

"Ba wannan ba, Sadiya, na kusa da shi. Kawo hannunki."

Sadiya ta miƙa hannu. Baba Muntaka ya kama yatsanta ya ɗora a tsakiyar telefon ɗin. Yana jingine da filo biyu a kan tabarma, ƙarƙashin rumfar tsakar gidansa. Idanunsa sun daɗe da yin hazo, ƙafafunsa sun kumbura, amma yatsunsa na yawo a kan butonan dannawa kamar shi ya ƙera su.

"Kin ji ɗan tudun nan a kan biyar? Kowane telefon yana da shi. In kin sami biyar, kin sami sauran, ko da ido a rufe."

Wata biyu ke nan da Sadiya ta fara aikin sakatariya a biron ƙungiyar masu lambu ta Matameye, wato ofishinsu. A makon da ya wuce aka kawo wa biron sabon telefon na tebur, irin mai layi a ciki da batir, butonansa sun fi talatin. Ɗan littafin da ya zo da shi kuwa babu Faransanci ko kalma ɗaya. Sau biyu tana katse mai kira daga Damagaram a ƙoƙarin ta ce ya dakata. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗahiru, bai yi faɗa ba. Ya dai ce ranar Alhamis yana so ya yi magana da wakilan Kance da Icirnawa da Ɗan Barto a lokaci ɗaya kan rabon iri, in abin ya gagare ta sai a nemo wanda ya iya. Ta roƙi ta tafi da telefon ɗin gida ta koya, ya ce ta gwada shi yadda take so.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Baba Muntaka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa wa mutane kiran waya a wani babban biro a Damagaram kafin ya ajiye aiki ya dawo gida. Tun watan jiya likita ya sallamo shi, ya ce a kula da shi a gida, kuma unguwa duka ta gane nufin maganar.

"Baba, irin naku na da ai ba haka suke ba," in ji Sadiya.

"Riga suka sake, hali ɗaya ne. Karanta mini abin da ya fito a gilashin."

Ta karanta masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta danna, sai ga rubutun ya koma Faransanci. Ta yi ƙara don murna har kajin Inna Jannatu, matar Baba, suka watse.

Daga nan aiki ya miƙe. Ya nuna mata yadda ake ajiye nimero, wato lambar waya, a butonan gefe: a danne M1 har ya yi ƙara, a rubuta nimero, a tabbatar. Ta sa Kance a na farko, Icirnawa a na biyu, Ɗan Barto a na uku, ta yanki takarda ta rubuta sunayen ta liƙa. Ya nuna mata buton ɗin da ke riƙe mai kira ba tare da an katse shi ba, da wanda ke fito da murya waje kowa ya ji.

"Kafin ki riƙe mutum, ki gaya masa," ya ce. "Ki ce, don Allah kada ka ajiye. Mutum in ya ji shiru sai ya zaci an wulaƙanta shi."

Ya yi tari mai tsawo. Inna Jannatu ta bar tankaɗen da take yi ta kawo masa ruwa, ta ce ya isa haka nan, ya huta.

"Yau na fi kowace rana lafiya," ya ce. "Saura babban, haɗa mutane da yawa a layi ɗaya. Shi kuwa ba a koyonsa da baki, sai an gwada. Sadiya, rubuta wannan nimero."

Ya karanto shi da ka, bai yi tuntuɓe ba. Inna Jannatu ta tsaya da kofi a hannu.

"Malam, wannan ai na Isufu ne."

"Na sani. Na biyun da zan ba ta na Rabi'u ne."

Sadiya ta ɗago ta dubi Baba. Babu wanda bai san zancen ba a unguwar. Isufu, babban ɗan gidan, yana cin rani a Kano, ƙanensa Rabi'u yana Legas. A bikin ƙanwarsu Hafsatu, shekara biyu da suka wuce, Rabi'u ya makara da motar kai amarya, Isufu ya faɗa masa magana mai zafi a gaban surukai. Tun ranar ba su ƙara gaisawa ba. Ko da damina suka dawo, kowa gefensa na gona yake nomewa.

"Baba, in suka ajiye fa?"

"In suka ajiye, kin dai koyi buton ɗin. Kira."

Ta kira, ta fito da muryar waje. Hayaniyar kasuwa ta cika tsakar gidan, sannan muryar Isufu.

"Alo? Wa ke magana?"

"Ubanka ne. Don Allah kada ka ajiye."

Ya yi wa Sadiya alama da kai. Ta danna buton ɗin riƙewa, ta rubuta nimero na biyu. Ya daɗe yana ƙara kafin Rabi'u ya ɗauka.

"Baba? Lafiya? Jikin ne?"

"Jiki da sauƙi. Tsaya nan." Ya laluba da kansa, ya sami biyar, ya gangara gefe, ya danna buton ɗin haɗawa. "To. Isufu, kana ji?"

"Ina ji, Baba."

"Rabi'u, kana ji?"

Sai ƙarar mashin daga can Legas, da mai tallan ruwa daga Kano.

"Ba ni da dogon numfashi, ku saurara," in ji Baba Muntaka. "Na haɗa kumandan da likita, na haɗa mutanen da ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Ban taɓa buɗe layi biyu suka zauna ba gaisuwa ba. Ba za a fara a gidana ba. Ku gaisa."

Sadiya ta kafa wa gilashin telefon ido, tana jiran ɗaya daga cikin layukan ya ɓace. Bai ɓace ba.

"Rabi'u, ina wuni," in ji Isufu, murya ƙasa-ƙasa.

"Lafiya lau, Yaya. Ya Kano?"

"Zafi. Ya Legas?"

"Ruwa ake ta yi."

Inna Jannatu ta matso ta sunkuya a kan telefon ɗin. "Shekara biyu, abin da kuka tara ke nan? Zafi da ruwa?"

Rabi'u ne ya fara fashewa da dariya, Isufu ya bi shi, Baba Muntaka ya yi tasa har ta koma tari. Da dariyar ta lafa, Rabi'u ya ce, "Yaya, ka yafe mini."

"Ni na ci maka fuska a gaban mutane. Kai za ka yafe."

"To, an gama," in ji Baba. "Sadiya, layin zai ɗauki na uku. Nemo mana Hafsatu a Damagaram, ai a bikinta aka fara."

Hafsatu na jin muryar yayyenta biyu tare ta rangaɗa guɗa, sannan ta fashe da kuka, sannan ta hau yi musu faɗa. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Kowa na magana, ba mai jin wani. Sai da batir ya fara kuka sannan aka yi sallama, kuma Sadiya ce ta tuna ta ce wa kowa sai an jima kafin ta katse. Baba ya gyaɗa kai.

Ranar Alhamis ta haɗa Kance da Icirnawa da Ɗan Barto, babu wanda ya faɗi daga layi. Alhaji Ɗahiru ya yi ta leƙen telefon ɗin yana cewa ikon Allah. Bayan la'asar ta wuce gidan Baba kafin ta shiga nasu. Ya rame ƙwarai a kwana biyun, muryarsa da kyar take fita, amma sai da ya ji komai dalla-dalla.

"Wa kika fara kira?"

"Kance."

"Kin ce kada ya ajiye?"

"Na ce, Baba."

"Shi ke nan, kin zama ma'aikaciya. Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ya ɗan huta. "Yaran nan suna hanya. Rabi'u ya ce zai tsaya Kano su taho tare."

Sun iso ranar Juma'a da yamma a mota ɗaya. Sadiya na jin su ta kan katanga, Baba yana tambayar su hanya, su kuma suna gardama kan wanda ya fi yin barci a mota. Hafsatu ta iso kafin magariba da jaririnta.

Asabar da hantsi Sadiya na shanya a tsakar gida ta ji salatin Inna Jannatu. Ta saki zanen da ke hannunta ta zagaya. Ta tarar an rufe Baba da farin mayafi. Inna ta ce kunu ya sha, ya sa aka ɗora masa jikansa a ƙirji, ya yi kalmar shahada, ya tafi kamar mai gyangyaɗi. Sadiya ta zauna gefenta, suka yi kukansu a hankali. Kafin azahar an kai shi. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, har da tsofaffi biyu daga Damagaram da suka ce shekara da shekaru muryarsa kawai suka sani.

Ranar Litinin da safe ta fito za ta biro. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, masu gaisuwa ba su fara taruwa ba. Isufu na tsugune a bakin zaure ya naɗe hannun riga, Rabi'u na tsaye a kansa da buta, yana zuba masa ruwa kaɗan-kaɗan.