Tabarau na Aro

Maƙwabciyata mai ɗinki sai da ta kai shekara sittin da ɗaya ta shiga ajin manya. Shekara biyu tana fama da biro, jikoki na yi mata tsiya: "Kaka, kin yi aikin gida ko mu kai ƙara?"

To, ranar jarrabawar ƙarshe, wajen turereniyar shiga bas, tabaranta ya faɗi, wani ya taka shi. Ita kuwa in ba tabarau, rubutu tururuwa ne kawai a idonta. In ta rasa ta yau, sai baɗi.

Ta zauna riƙe da gutsattsarin, hawaye na zuba. Matar da ke gefenta ta ji abin da ya faru, sai ta miƙe.

"Jama'a, mai tabarau ya miƙo! Iya za ta jarrabawa."

"Nawa dai ku bar mini," in ji direba, "sai in kuna so mu sauka a kwata."

Hannu zuwa hannu, guda shida suka iso cinyarta. Ba ta gwada su da takarda ba. Allura ta zaro daga bakin mayafinta, ta lashi zare. Na farko, allura ta zama biyu. Na biyu na wata budurwa ne, ashe na gayu. A na biyar, mota na tsalle a rami, zare ya wuce sumul. Bas ta kaure da tafi.

Mai shi wani dattijo ne, mai gyaran agogo.

"Malam, kai da me za ka yi aiki?" ta tambaye shi.

"Agogon da ya tsaya tun jiya, ƙarin awa uku ba zai kashe shi ba. Mu je, Yaya."

Ya sauka tare da ita, ya samu benci a bakin ƙofar makarantar.

Da ta fito, yatsu duk tawada, ba tambayar da ta bari, yana nan inda ta bar shi. Ya karɓi tabaransa da hannu biyu, yana jujjuya shi kamar yau ya fara ganinsa.

"Da gaske ya yi karatu?"

"Shafi huɗu cur."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Shekara talatin yana kan hancina, daga ɗaya zuwa sha biyu kaɗai ya sani."

Ya saka shi, ya ɗaga kai ga manyan baƙaƙen da ke jikin allon ƙofa. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, me aka ce a can?"

Ta ja baya kaɗan, ta karanta masa daki-daki: ana ɗaukar sababbin ɗalibai ranar Litinin.

Ya duba agogon hannunsa.

"Ƙarfe nawa?"