Sarakuna Biyu a Gaba

Ranar gwajin Yaritza a wani gidan caca na birnin Panama, shugabar masu rabon karta tana tsaye a bayanta, don a yammacin nan za ta yanke ko a ɗauke ta aiki. Sai ga Don Aurelio Chong, tsoho mai kantin unguwarsu, wanda ya koya mata karta a kan buhun shinkafa, ya ja kujera.

Yaritza ta raba wa kowa karta bakwai. Doka ce mutum ya jera biyar a baya, biyu a gaba, kuma na bayan su fi ƙarfi. Da ta buɗe nasa, sai ga sarakuna biyu a gaba, 'yan tara biyu a baya, wato na gaban sun fi ƙarfi, ya karya doka ke nan.

Tsohon ya ce, "Haba 'yata, na baro tabarau a gida. Ɗan juya mini su mana."

Amma ta ce, "Yi haƙuri, Don Aurelio, ka faɗi." Ta kwashe kartarsa.

Tsohon ya zaro tabarau daga aljihu, ya kafa a hanci, ya dubi shugabar. "Kin gani ko? Rainona ce. Ko ubanta ba ta ɗaga wa ƙafa!"

Shugabar ta danne dariya. "Yaritza, daga gobe teburin nan naki ne."